Guzurin Mai Jinya: Tafiya da Yaro Mai Amosanin Jini a Hanyar Birnin Gwari



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai jarraba bayinsa da cuta, mai yaye ta da rahamarsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da kuka baro girki da reno kuka cika wurin nan, sannunku da ƙoƙari. 'Yan'uwana direbobi da ma'aikatan asibiti, barkanku da zuwa.

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne halin da iyaye kan shiga idan larura ta sa suka yi tafiya da yaro mai raunin jiki, sa'an nan tafiyar da aka fita da niyyar a je a dawo a yini guda ta rikiɗe ta zama kwanciyar asibiti a garin da ba nasu ba. Raunin jiki iri-iri ne: akwai bakwaini, akwai mai farfaɗiya, akwai mai ciwon zuciya, akwai wanda tamowa ta ci. Amma zan tsayar da maganata a kan mai amosanin jini, wanda yanzu aka fi kira sikila, domin da wuya a sami unguwa a ƙasar nan wadda babu gidan da ke renon irinsa, kuma galibin abin da ya shafe shi ya shafi sauran.

Kowa a cikinmu ya san cewa tsakanin garin nan, Birnin Gwari, da Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ta Kuriga da Udawa da Buruku har a faɗa Mando, kuma ita ce tsohuwar hanyar da manyan motoci suka daɗe suna bi daga Ikko, ta Jebba da Mokwa da Tegina, zuwa cikin Arewa. A lissafin taswira tafiyar awa biyu ce. Sai dai wanda ya zauna a nan cikin shekarun da suka gabata ya san yadda dajin da ya kewaye mu, tun daga Kamuku, wanda aka killace a 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, har zuwa Kuyambana ta wajen Zamfara, ya zama maɓoyar waɗanda suka hana mu barci. Har aka kai lokacin da mota ba ta tashi sai an tara ayari an jira rakiyar sojoji, aka kuma kai lokacin da, a ƙarshen watan Satumba na 2021, hukuma ta yanke layukan waya kusan wata biyu, uba yana Kaduna ba shi da hanyar sanin yadda ɗansa ya kwana. Sulhun da aka ƙulla da su a watan Nuwamba na 2024, wanda a bayansa kasuwar shanu ta koma ci, ya kawo sauƙi, muna roƙon Allah ya ɗorar da shi. Amma har yau mota tana lalacewa a dokar daji, direba ba ya yarda ya tsaya inda bai aminta da shi ba, kuma mai hankali ba ya so magariba ta riske shi a tsakanin gari da gari.

Ba mu kuwa da makawa daga bin hanyar. Babban asibitinmu na Jibril Mai Gwari yana ɗaukar abin da zai iya ɗauka, amma akwai gwaje-gwaje da ƙwararrun likitocin jini waɗanda sai an dangana da Barau Dikko a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kafin a same su. Mutanen Dogon Dawa da Damari da Kuyello sau da yawa Funtuwa da Zariya sun fi musu kusa, shi kuwa mutumin Randagi ko Kakangi sai ya sha tafiyar babur kafin ya taka kwalta. Har yaron da ke cikin ƙoshin lafiyarsa ma akwai dalilin fita da shi, sabili da akwai wani hoton jijiyoyin kai da ake ɗauka, babu allura babu zafi, wanda ke nuna yaron da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta auku. Kuma binciken da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko suka yi tare da abokan aikinsu na Amurka, wanda aka buga a 2022, ya ƙarfafa cewa ƙwayar haidroksiyuriya, ko da kaɗan ce a kullum, tana rage wannan haɗari. Uban da ya ji haka bai kamata tsoron hanya ya zaunar da shi ba. Abin da ya kamace shi, ya san yadda ake bin ta.

Kafin a san yadda ake bin ta, lalle ne a fahimci abin da ke cikin jikin yaron. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce mai taushi, tana kutsawa cikin siraran jijiyoyi ba da wahala ba, tana kuma rayuwa kimanin kwana 120 kafin jiki ya sauya ta. Ta mai sikila kuwa, da zarar ruwa ko iskar numfashi ya ƙaranta a jiki, sai ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta ƙandare, ta sarƙe da 'yan'uwanta ta toshe hanya, kamar yadda karan dawa ke cushe bakin kwalbati ranar ruwan farko. Duk gaɓar da jini ya kasa isa gare ta sai ta ɗauki raɗaɗin da ke sa ƙato kuka, balle yaro. Sa'an nan ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa yaron yake zaune kullum cikin ƙarancin jini, idonsa da ɗan rawaya, har a riƙa ɗura masa jiƙon shawara alhali ba ita ce ba. Gado ne daga uwa da uba baki ɗaya, ba daga uwa kaɗai ba kamar yadda wasu dangin miji ke faɗa bisa zalunci: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon, watau AS, ba tare da ya taɓa jin komai ba, kuma idan biyu irin haka suka yi aure, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, watau cikakkiyar cutar. An ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Masu binciken da suka zauna a Garki, ta jihar Jigawa a yanzu, cikin shekarun 1970, sun tarar da kimanin biyu cikin ɗari na jarirai suna da ita, amma da suka duba yaran da suka tasa sai suka ga kusan babu ko ɗaya, duk ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin waɗanda kakanninmu suka kira 'yan wabi, wannan ce ta ɗauke su. Yau kuwa ga masu sikila nan sun yi karatu, sun yi aure, sun haifa, ba don jininsu ya sauya ba, sai don an san abin da ke tayar da ciwon an kuma tare shi da wuri.

To, me ke tayar da shi? Ƙishirwa, da sanyi, da gajiya, da zazzaɓin cizon sauro, da sauran cututtuka masu sa zafin jiki. Idan kuka dubi waɗannan da kyau, za ku ga babu abin da ya tara su wuri guda kamar tafiyar mota a ƙasarmu: a fito da asuba cikin hunturu, a zauna a tasha har hantsi ana jiran mota ta cika, a matse mutum huɗu a kujerar baya, a sha zafin rana da jijjiga, a kwana a gidan baƙunci inda babu gidan sauro. Saboda haka nake cewa, kuma a kan wannan maganata ta ginu, duk wanda zai fita da irin wannan yaro, ko ganin likita na wata-wata ne, ko biki, ko gaisuwar mutuwa, to ya fita da shirin wanda zai kwana uku a asibiti. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba, domin malamai sun karantar da mu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali, barinsa kuwa sakaci ne.

Farkon shiri yana hannun maigida. An sha gani, ciwo ya tashi da hantsi, uba yana gona ko yana wajen haƙar zinariya inda waya ba ta shiga, uwa tana zaune da yaro a cinya tana jiran wanda zai ce mata ta fita, har la'asar ta yi sanyi, motocin Kaduna su ƙare a tasha. Ban ga laifin matar ba, ladabin da aka tarbiyyantar da ita a kansa ta kiyaye. Maigidan nake kira, da ya tsaya yau, tun yaro yana wasa a tsakar gida, ya furta a gaban mahaifiyarsa ko wansa cewa ya ba da izini tabbatacce, duk ranar da jikin wane ya motsa a fita da shi ba sai an neme shi ba. Ya kuma ajiye kuɗin mota da na kati a inda ita ta sani, waɗanda ba a taɓa su don cefane ko da an kwana da yunwa. Ga malamanmu nan zaune, su ne shaida cewa kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su.

Sai jakar tafiya, wadda ya kamata ta zauna a ɗaure a rataye, ba sai ranar an tashi ana neman abu a gigice ba. Mafi daraja a cikinta shi ne ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda aka rubuta a ciki, da boko ko da ajami, sunan yaro da shekarunsa, da nau'in jininsa da rukuninsa, da ranakun da aka taɓa yi masa ƙarin jini, da magungunan da yake sha da adadinsu, da duk maganin da jikinsa ya taɓa ƙi, da lambobin wayar dangi, domin waya tana mutuwa a daidai lokacin da aka fi bukatarta. A rubuta kuma lambar awon jininsa ta ranakun da yake lafiya. Da yawansu suna zaune lafiya lau a kan 22 ko 25, alhali yaro mai cikakken jini yana haura 33. Likitan da bai san yaron ba, idan ya ga 22, ba shi da hanyar sanin ko nan ne mazauninsa ko kuwa daga 28 ya faɗo cikin dare ɗaya, kuma bambancin waɗannan biyu shi ne bambancin a yi ƙarin jini ko a bari. Bayan littafi sai magungunansa na kullum, folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi da duk abin da likitansa ya ɗora shi a kai, a ɗauki na mako guda fiye da kwanakin da aka yi niyya. Da farasitamol, da ma'aunin zafin jiki, da bargo da safa da hula, da gidan sauro, da fulas, da tocila, da tsabar kuɗi a rabe wuri biyu saboda ranar da na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki. Jakar nan a kan cinya take zama. Kada a yarda ɗan kamasho ya tura ta bayan mota ƙarƙashin buhunan masara, domin idan mota ta tsaya a inda ba a so, abin da ke jikinka shi kaɗai ne naka.

Yanzu zan zo kan wani abu da nake roƙon iyayena mata su ba ni kunnuwansu. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, saboda haka yana yawan fitsari, har wani yakan yi na kwance bayan sa'o'insa sun daina. Uwa ta san haka, ta kuma san direba ba zai tsaya a tsakiyar daji ba, ga kunyar fasinjoji, sai ka gan ta tun a tasha yaro yana miƙa hannu wajen gorar ruwa tana janyewa, tana ce masa, "Yi haƙuri, ɗan albarka, sai mun isa Buruku." Kafin a isa Buruku leɓɓansa sun bushe, ya yi shiru ya kwantar da kai a jikinta, ita kuwa tana murna ya yi barci, ana shiga Mando ya fara riƙe ƙafa yana kuka. Da niyyar alheri ta yi, amma abin da ta hana shi shi ne babban maganinsa. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan tun daga fita har sauka, a tafi da robar da zai yi fitsari a ciki da zanen da za a kare shi, ƙarami kuwa a ɗaura masa ƙunzugu. Ku kuma 'yan'uwana direbobi, idan mace ta ce muku yaronta sikila ne, ku nema mata gefen da iska ba ta bugu, ku tsaya mata a garin da kuka aminta da shi ba sai ta roƙa sau biyu ba; wanda kuma Allah ya hore masa, ya biya kuɗin kujera biyu domin yaro ya miƙe ƙafa.

Akwai ciwon da ake lallaɓawa a hanya da ruwa da farasitamol da tsumma mai ɗumi, akwai kuma alamomin da idan an gan su tafiya ta ƙare, sai asibitin da ya fi kusa, ko da ba shi aka nufa ba. Zafin jiki da ya kai digiri 38 yana cikinsu, domin saifar waɗannan yara ba ta aikin tsaron da aka halicce ta dominsa, ƙwayar cuta takan mamaye jininsu cikin awoyi kaɗan. Haka ciwon ƙirji da numfashi sama-sama. Haka karkacewar baki, ko sanyin hannu ko ƙafa ta gefe guda, ko harɗewar harshe, ko jijjiga. Haka miƙewar gaban yaro namiji mai zafi da ta ƙi kwanciya, wadda kunya ke sa a ɓoye har ta yi ɓarna. Sai kuma ɗashewa farat ɗaya. Kowace uwa ta koyi jan fatar idon ɗanta ta ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannunsa ta gwada da nata, ta kuma roƙi likita ya kama hannunta ya nuna mata yadda ake taɓa saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Sabili da a ƙananan yara saifa takan kumbura ta zuƙe jinin jiki cikin yini guda, ciki ya yi tauri, yaro ya yi fari fat ya saki jiki, kuma babu abin da ke ceto a nan sai ƙarin jini da gaggawa.

A irin wannan hali mutane sukan ruga wurin da bai dace ba. Allurar kashe raɗaɗi a shagon kemis na bakin hanya tana ɓoye alamar da likita ke nema, kuma wadda ake kira fentazosin ta jefa matasa masu sikila da yawa cikin jarabar da ta fi ƙarfinsu. Ruwan maganin da ake tallarsa da sunan mai ƙara jini galibinsa sinadarin ƙarfe ne, wanda jikin da aka sha yi wa ƙarin jini ya riga ya tara fiye da kima. Ƙaho da tsaga suna da muhallinsu a wurin wanzamai, amma jikin da jini ya ƙaranta ba muhallinsu ba ne. Ruwan sanyi a kan gaɓa mai ciwo ƙara toshe ta yake yi. Idan kuma dare ya yi, ra'ayina shi ne kada a tsallake asibitin gida a kama hanyar daji: a kai shi nan a sa masa ruwa, a ba shi maganin zafi da na kashe ƙwayar cuta, a karɓi takardar turawa, gari na wayewa a tashi, sai fa idan likita da kansa ya ce jira ya fi hanya haɗari.

To, an isa, likita ya duba ya ce, "Sai mun ba ku gado." Wannan kalma tana faɗo wa uwa da nauyi, domin ta bar tukunya a murhu da ƙannensa a hannun maƙwabta, kuɗin da ke ƙugunta kuwa na komawa ne. Abin da zan ce mata shi ne, ta miƙa littafin nan tun kafin a tambaye ta, ta faɗi abin da aka ba yaro a hanya ba ɓoye-ɓoye, ko da jiƙo ne ko allurar kemis, domin faɗan minti ɗaya ya fi magani a kan jahilci. Ta sani kuma cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa bisa kowane dalili. Ba sadaka take roƙo ba, haƙƙi ne, a neme shi da ladabi amma a neme shi. Kullum da safe likitoci sukan zagaya, to kada wannan lokaci ya same ta a wajen sayen koko: ta tsaya a bakin gado, ta tambayi sunan abin da ke damun yaron, da abin da awon jini ya nuna yau, da abin da ake jira kafin sallama, ta sa a rubuta mata. Ku kuma ma'aikatanmu, na san nas ɗaya takan kwana a kan ɗaki guda cike da yara, Allah ya saka muku; amma idan uwa ta zo cikin dare ta ce, "Sista, numfashinsa ya sauya," to a taso a duba, domin ita ta shekara tana sauraren wannan numfashi. Idan yaro mai sikila ya ce yana jin zafi, a gaskata shi, raki ba ya sa yaro gumi cikin hunturu.

Mafi wuyar abin da ke riskar baƙo shi ne ranar da aka ce a kawo jini. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma a nan kuɗi kaɗai ba su isa ba, mutane ake nema. Uba yakan miƙa hannu nan take, sai dai shi da uwar duk suna ɗauke da rabin gadon, likita kuwa ya fi son jinin mai AA, wanda ba ya ɗauke da gadon, ga irin wannan yaro, kuma ba a cika son na dangi na kusa ba. Saboda haka nasa sau da yawa musanya ake yi da shi a ma'ajiyar jini. Baligi mai lafiya da ya kai kilo 50 yana iya ba da leda guda, ƙasa da rabin lita, ya tashi ya kama harkarsa, bayan wata uku ya sake. Wanda yake garinsu zai leƙa majalisa ya taso da samari biyar. Wanda yake baƙo a Kaduna ko Shika, ƙarfe biyun dare, wa zai tasa? A nan ne masu sayar da jini a bakin ƙofa suke samun kasuwa, da tsada da haɗari.

Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne mace ta fita ita kaɗai. Jinya a garin wani aikin mutum biyu ne: ɗaya a bakin gado, ɗaya a layin biyan kuɗi da ɗakin awo da wurin sayen magani. Mai jinya kuma ta ci abinci, ta runtsa idan an karɓe ta, ta shimfiɗa tabarmarta cikin gidan sauro, domin idan ta faɗi marasa lafiya sun zama biyu. A gida kuwa, abokiyar zama ko facala da ta riƙe sauran yaran tsakani da Allah, ta yi musu wanka ta tura su makaranta, lallai tana da rabo a ladan jinyar.

Shari'a ba ta manta da mai jinya ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru a cikinta, kuma tsakaninmu da Kaduna ya haura haka. Matafiyi ba ya komawa cika salla sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu, wanda kuwa yake jiran sallama yau ko gobe bai san ranar tashinsa ba, yana nan a kan ƙasarunsa. Wanda jinyar makusanci ta tsare, babu mai karɓarsa, yana da uzurin barin Juma'a. Matashi mai sikila da likita ya ce ƙishirwar azumi za ta tayar masa da ciwo, rangwamen mara lafiya ya hau kansa, kada a kunyata shi a gaban sa'o'insa.

Amma hukuncin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne na zakka. Cikin kashi takwas na masu cin ta akwai ibnus sabili, watau matafiyin da guzurinsa ya yanke a garin da ba nasa ba, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar ba shi da hanyar kaiwa ga dukiyarsa. Mun saba ɗaukar wannan kamar labarin fatake da mahajjatan ƙafa na zamanin da. To ni ban san wanda sifar nan ta fi dacewa da shi a yau ba kamar matar da ta fito daga Kakangi da kuɗin yini ɗaya, ga ta kwana na shida a barandar ɗakin yara, rumbun mijinta cike da masara amma ba ta da na ledar ruwa. Ƙasarmu ƙasar noma ce, zakkar hatsi tana fita kowace kaka. Ina roƙon limamanmu da attajiranmu su ware wani kaso sananne domin wannan, a damƙa shi ga amintattu, a sanar da lambar da za a kira. 'Ya'yan Birnin Gwari mazauna Mando da Rigasa da Tudun Wada da Samaru, waɗanda rashin tsaro ya kai da yawansu can, su rubuta sunayen masu iya ba da jini da rukunin kowannensu, da gidajen da za su iya ba mai jinya wurin wanka da kwanon tuwo. Wannan farillar kifaya ce, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya zuba ido kuwa laifin ya game mu duka.

Saura maganar komowa. Yaro yana fara cin abinci sai hankalin iyaye ya koma gida, kuɗi sun ƙare, shuka ko girbi yana jira, har wasu su sa hannu su fita da shi kafin a sallame su. Alhali ciwon ƙirjin nan da na ambata sau da yawa bayan kwana biyu ko uku da fara ciwon ƙashi yake bayyana, daidai lokacin da ake zaton an samu sauƙi. Idan kuɗi ne suka gaza, a faɗa wa likita da ofishin jin ƙai na asibitin a fili, a kira mutanen gida. Ranar sallama a karɓi takardar da ta bayyana abin da aka samu da abin da aka yi, a ƙara a littafi leda nawa aka sa da lambar jinin da aka fita da ita, a sayi magungunan a can kafin a taso, a tabbatar da ranar dawowa. Idan sallamar ta kai azahar, a kwana a gari a bi motar safe. Bayan an iso kuma, cikin mako guda, a kai takardar nan asibitinmu na gida a nuna wa ma'aikacin da ya saba ganin yaron, domin shi za a fara bugun ƙofarsa idan ciwon ya sake tashi.

Shugaba, ranka ya daɗe, nan zan dakata domin a ba iyaye mata da direbobi damar tambaya.